Yadda ake shiga gasar rediyon 'yan sha'awa, daga shiri har zuwa miƙa rajista

Duk wanda ya murɗa rediyonsa zuwa mita 20 a Asabar da Lahadin ƙarshe na watan Oktoba zai ji kamar ya faɗa tsakiyar kasuwar Kurmi ana gobe salla, domin daga farkon zangon har ƙarshensa babu masakar tsinke, kowa yana faɗin alamar tasharsa da wasu lambobi cikin sauri. Wannan ita ce gasar CQ World Wide ta 'yan sha'awar rediyo, masu magana da juna ta tashoshinsu na kansu, wadda ake yi tun 1948, kuma bayan wata guda, a ƙarshen Nuwamba, a sake yin irinta da harufan Mos. Mai saurare daga waje hayaniya kawai yake ji, amma a cikinta akwai tsari mai tsauri, kuma tushen tsarin abu ɗaya ne: hulɗa ba ta shiga lissafi sai abin da ka rubuta ya dace da abin da abokin hulɗarka ya rubuta a tasa rajistar. Kusan dukan ladubban da zan kawo a nan daga wannan ƙa'ida suka tsiro.

Kafin ranar gasa

Ba a shiga gasa sai da lasisi daga hukumar da ke kula da sadarwa a ƙasarka, da alamar kira da aka ba ka a hukumance. Farkon alamar ne yake shaida ƙasa: 5N na Najeriya ne, 5U na Nijar, 9G na Ghana, TJ na Kamaru, TT na Chadi, ST kuma na Sudan.

Daga nan sai ka karanta dokokin gasar na shekarar da ake ciki, daga farko har ƙarshe, ko da ka taɓa shiga a bara. Gasanni sun yi kama da juna a kunne, amma sun sha bamban a abin da ake musanyawa. A CQ World Wide ana ba da rahoton ƙarfin sigina da lambar shiyya. An raba duniya shiyya 40, Najeriya da Nijar da Ghana suna ta 35, Kamaru da Chadi ta 36, Sudan ta 34. A gasar CQ WPX ta ƙarshen Maris da ƙarshen Mayu, lambar jeri ake bayarwa, farawa daga 001, kuma mai aiki shi kaɗai awa 36 kawai aka yarje masa cikin 48. A gasar watan Yuli ta IARU, haɗaɗɗiyar ƙungiyar 'yan sha'awar rediyo ta duniya, wadda awa 24 ce, ana amfani da wani rabon shiyyoyi dabam, inda Najeriya da Nijar suke ta 46. A gasar ƙasa da ƙasa ta ARRL kuwa, wato ƙungiyar 'yan sha'awar rediyo ta Amurka, mu da muke wajen Amurka da Kanada su kaɗai za mu nema, mu gaya musu ƙarfin wutar da muke aikawa da ita, su gaya mana jiharsu ko lardinsu. Wanda ya shiga da lambar wata gasa a bakinsa zai ɓata wa duk wanda ya yi hulɗa da shi lokaci.

A wannan karatu ne kuma za ka zaɓi rukuninka. Akwai na babbar wuta har wat 1,500, da na ƙaramar wuta wanda bai wuce wat 100 ba, da na QRP mai wat 5. Akwai kuma bambanci tsakanin mai neman tashoshi da kunnensa kaɗai da mai samun taimakon intanet, wato allon da ke nuna inda tashoshi suka zauna. Babu wanda yake tsaye a kanka yana duba na'urarka, don haka wannan zaɓi amana ce zalla. Idan ka leƙa allon ko da sau ɗaya ne, ka shiga rukunin masu taimako ke nan, kuma haka za ka rubuta.

Sai maganar agogo, wadda sababbi suke rainawa. Lokacin gasa na UTC ne, wato lokacin duniya, kuma Najeriya da Nijar suna gaba da shi da awa ɗaya, saboda haka gasar da aka ce ta fara ƙarfe 00:00 na Asabar, a wurinmu ƙarfe ɗayan dare ne, ta kuma ƙare daf da ƙarfe ɗayan daren da zai waye Litinin. A gasata ta biyu na yi amfani da wata kwamfuta da aka saita yankin lokacinta a kan Landan, alhali an gyara agogonta da hannu ya dace da namu. Manhajar rajista ta ɗauka lokacin duniya take gani, sai duk hulɗar da na yi ta shiga da ƙarin awa ɗaya. Sai da na yi kusan awa biyu ina aiki kafin idona ya kai kusurwar allon, na kuma shafe wani lokacin ina gyara abin da minti ɗaya ya isa ya hana faruwarsa. Ka duba yankin lokaci, ka daidaita agogon da intanet, ka buɗe manhajarka, ko N1MM Logger+ ce, wadda kyauta ake samunta, ko wata, ka zaɓi gasar da ta dace, ka shigar da hulɗar gwaji ka goge. Ka kuma kunna janareta ko imbata ka saurara, domin wasunsu suna zuba ƙara a mita 40 da 80 har su rufe ƙananan tashoshi, kuma gara ka gano haka ranar Alhamis da ka gano shi a tsakar daren Asabar.

Hanyoyin aiki guda biyu

A gasa, ko dai ka kafa rumfa ka zauna a gurbi ɗaya kana kiran CQ, wato kiran duk mai jin ka, mutane suna zuwa, ko ka shiga yawon kasuwa kana bin masu rumfa ɗaya bayan ɗaya. Sabon shiga ya fara da yawo, domin a nan ne kunne yake koyon aiki.

Idan ka tarar da mai kira, kada ka yi gaggawar danna makirfo. Ka saurara har ka ji alamarsa daga bakinsa, ka rubuta ta, ka ga ko manhaja za ta nuna ka riga ka yi hulɗa da shi a wannan mita. Ko da allon intanet ne ya kawo ka wurin, kada ka amince da abin da aka rubuta a kansa, domin kuskuren mutum ɗaya a can yakan jefa mutum hamsin cikin rami ɗaya. Idan ya gama kira, ka faɗi alamarka cikakkiya, sau ɗaya, da harufan da duniya ta saba da su, Alfa, Bravo, Charlie har zuwa Zulu, sannan ka saki makirfo. Ba sai ka ambaci tasa alamar ba, ai ya san sunansa. Kada kuma ka ɗauki ɗabi'ar faɗin harufa biyu na ƙarshe kaɗai, domin tana tilasta masa ya sake tambayarka sauran, aikin da ya kamata a yi da numfashi ɗaya ya zama biyu.

Mu ƙaddara alamarka 5N9XYZ ce, wadda na ƙaga don misali. Hulɗar gaba ɗaya ba ta wuce haka ba: ya kira, ka ce "Five November Nine X-ray Yankee Zulu", ya maimaita alamarka ya ce "five nine one four", ka ce "five nine three five", ya ce "thanks" ya faɗi alamarsa, ya koma kira. Daƙiƙa goma sun isa. Na san wannan yana da nauyi a harshen Bahaushe, wanda ba ya tambayar kuɗin tumatir sai ya gaishe da mai shi ya tambayi gajiya da iyali, amma a nan taƙaitawar ita ce gaisuwar, domin akwai mutum ashirin a bayanka suna jiran layi. Rahoton 59 ɗin ma al'ada ce kawai, kowa shi yake bayarwa ko da da ƙyar yake jin ka. Lambar shiyya da ke biye da shi ita ce abin lura.

Abu guda da ba a sassauci a kansa shi ne alamarka. Idan ya maimaita ta da kuskure, kada ka ba shi rahoto tukuna. Ka sake faɗin ta, kana jaddada harafin da ya kuskure, har sai ka ji ya faɗe ta daidai. Idan kuwa ya ce "Delta Lima Three, again", da wani Bajamushe yake, kuma tunda babu waɗannan harufa a alamarka, shiru ne naka. Masu ci gaba da kira a irin wannan lokaci suna danne wanda ake nema, suna kuma jinkirta nasu layin da kansu.

Zaman rumfa, da abin da ke jiran ɗan shiyya ta 35

A nan zan daɗe, domin nan ne ɗan Afirka ta Yamma ya bambanta da sauran. A CQ World Wide, hulɗa da wata nahiya maki 3 ce, da wata ƙasa a nahiyarka maki 1, da ɗan ƙasarku babu maki ko da yake tana shiga lissafin ninki. Ana tara makin, a ninka shi da yawan ƙasashe da shiyyoyin da ka samu a kowace mita. Mai hulɗa 500 da Turai da Amurka yana da maki 1,500, idan kuma ƙasashensa da shiyyoyinsa sun kai 160, sakamakonsa 240,000 ne. Tunda masu lasisi a yankinmu ba su da yawa, duk Bature ko Ba'amurke ko ɗan Japan da ya ji 5N ko 5U, ninki biyu yake hangowa a hulɗa ɗaya, na ƙasa da na shiyya. Shi ya sa ƙungiyoyin 'yan gasa daga Turai da Amurka suka sha ɗauko kayansu su zo Ghana da Togo da Mali da Nijar don gasar Nuwamba. Ma'anar wannan gare ka ita ce, ko da wat 100 da eriyar waya kake aiki, kana buɗe baki cincirindo zai taso maka, kuma yadda ka sarrafa shi ne zai nuna ko ka iya.

Da farko ka nemi gurbin da babu kowa. Ka saurara na ɗan lokaci, domin yana yiwuwa mai wurin yana sauraron wata tasha ce da kai ba ka ji. Sannan ka tambaya, "Is this frequency in use?", ko QRL? idan da Mos ne, ka jira, ka sake tambaya. In an amsa, ka matsa ba tare da musu ba. Ka kula da bakin iyaka: mita 20 ta ƙare a kilohaz 14,350, kuma muryarka tana mamaye kusan kilohaz 3 sama da abin da allon rediyo yake nunawa, don haka wanda ya zauna sama da 14,347 ya fita daga hurumin 'yan sha'awa ko da allonsa bai nuna ba. Ka kauce wa 14,100 inda tashoshin gwajin yanayin tafiyar sigina suke, da 14,300 da aka ware wa kiran gaggawa. Mita 30 da 17 da 12 kuwa, waɗanda aka ba 'yan sha'awa a taron 1979, an bar su ga waɗanda ba sa gasa, ba a kai musu hayaniya.

Kiran ya zama gajere: "CQ contest", alamarka, ka saurara. Idan murya goma suka taso lokaci ɗaya kuma ba ka kama ko ɗaya cikakkiya ba, ka ɗauki abin da ka ji, ko harafi biyu ne, ka faɗe su, ka tsaya a kan mai su har ku gama. Wannan shi ne sirrin zaman rumfa. Cincirindo yana nazarin mai rumfa kamar yadda yara suke nazarin sabon malami: da zarar ka ce kana neman mai harafin Kilo amma ka amsa wa wani mai ƙarfin murya da ya kutso, ka koya wa kowa cewa kutse yana biya, kuma daga nan ba za a sake yi maka shiru ba. Idan ka gyara alamar mutum bayan ya sake faɗa, ka maimaita gyararriyar kafin ka wuce, don ya tabbata ya shiga rajistarka daidai.

Ka riƙa faɗin alamarka. Akwai masu ganin sun yi wayo idan suka ce "thanks, QRZ", wato na gode, wa ke kira, sau ashirin ba tare da sun shaida kansu ba, alhali suna tara mutanen da ba su san wanda suke kira ba, suna jawo wa kansu maimai da tambayar "your call?" da ke rufe kowa. Dokar CQ World Wide ta lissafa rashin faɗin alama a kan kari cikin halayen da ba su dace ba. Ni na fi son faɗin ta bayan kowace hulɗa, in cincirindo ya yi yawa bayan biyu ko uku. Idan wanda kuka riga kuka yi hulɗa ya sake kira, ka amsa masa ka rubuta, kada ka tsaya gardama. Maimai ba ya jawo tara, kuma wataƙila hulɗar farko ba ta shiga tasa rajistar ba.

Gurbi ba gadon gidan kowa ba ne. Idan ka tashi yin salla ko zuba wa janareta mai, ka dawo ka tarar da wani yana kira a wurin, ya zama nasa. Na taɓa riƙe wuri mai kyau a mita 15 tun hantsi, Turawa suna shigowa kamar an buɗe famfo, sai janareta ya fara tari. Minti huɗu na yi a waje, na dawo na tarar da wani ɗan Kudancin Turai ya baje kayansa. Na ji zafi ƙwarai, amma ba ni da hujja, sai na nemi wani gurbin can sama na fara daga farko. Haka nan idan kai ne mai yawo ka amsa wa mai rumfa, kada ka tsaya a wurinsa kana amsa wa masu kiranka. Ka faɗi inda za ka koma, ka tafi.

A mita 40 akwai wani abin lura. Yankinmu, wanda ya haɗa Afirka da Turai, hurumin 'yan sha'awa ya tsaya a 7,200, daga nan zuwa sama gidajen rediyo ne na mita 41 da muka saba kamawa. Amurkawa kuwa suna da izinin magana daga 7,125 har 7,300. Saboda haka za ka iya aikawa a ƙasa kana saurare a sama, amma sai ka riƙa faɗin inda kake saurare a kowane kira, ka kuma tabbatar wurin da ka tura mutane ba a kan wani yake ba.

Tsabtar sigina ma ladabi ce. Wanda ya ƙure ƙarfin makirfo ko ya matsa wa amfilifaya, muryarsa takan fantsama ta ɓata wa maƙwabtansa na dama da hagu, shi kuma ba ya jin ɓarnar da yake yi. Idan aka ce maka kana fantsama, ka rage, ka tambaya ko ya gyaru. Kada kuma ka gwada na'ura a kan gurbin da ake aiki.

Da Mos duk ƙa'idojin nan suna nan, sai ɗan ƙari. Ana taƙaita lambobi, N a madadin 9, T a madadin sifili, shi ya sa rahoton 599 yake zama 5NN, TU kuma godiya ce. Idan mai kiranka yana tafiya a hankali, ka sauko zuwa saurinsa, domin maimaitawa sau uku ta fi rage gudu cin lokaci.

Game da zaɓen mita, da rana 10 da 15 ne suke ɗaukar Turai, da yamma zuwa farkon dare 20 takan buɗe zuwa Amurka, cikin dare sai 40 da 80 da 160. Ka tsara barcinka a lokacin da kasuwa ta yi sanyi.

Abubuwan da ke jawo kora

Ba a shirya hulɗa ta waya ko WhatsApp ko wani saƙo yayin gasa. Dole komai ya gudana ta iska. A CQ World Wide an daɗe da hana mutum ya tallata gurbinsa da kansa a allon intanet ko ya roƙi wani ya yi masa, ko da yake wasu gasannin sun sassauta wannan, wanda shi ma dalili ne na karanta dokar kowace shekara. Wuce ƙarfin wutar rukuninka kuwa ha'inci ne, babu wani suna da za a ba shi.

Rajista

Da agogo ya buga ƙarshe, hannu ya tsaya. Manhaja za ta fitar da rajistar a tsarin da ake kira Cabrillo, ka duba kanunta ka tabbatar alamarka da rukuninka daidai suke, ka ɗora a shafin masu gasar. A CQ World Wide kwanaki kaɗan ake bayarwa. A cikin kwanakin nan ba a yarda ka buɗe kundin alamomi na intanet, ko ka saurari abin da ka naɗa, ko ka aika wa wani saƙo don gyara abin da kunnenka ya kuskure ba, domin jin daidai a lokacin yana cikin abin da ake gasa a kansa.

Kwamfutar masu gasa tana gwama dubban rajistoci da juna. Idan ka kuskure lambar shiyya, a cire hulɗar kawai. Idan ka kuskure alamar tasha, ko ba a same ka a rajistar wanda ka ce kun yi hulɗa ba, a cire hulɗar a kuma ci ka tarar ninki biyu na makinta. A misalinmu na ɗazu, harafi ɗaya da ka yi hasashe a alamar wani Bature zai ci maka maki 9, wanda idan aka ninka da 160 ya zama 1,440. Tambayar "again?" ba ta kai daƙiƙa uku ba. Haka kuma idan ka yi shakkar wata hulɗa bayan kun gama ka share ta a ɓoye, ɗayan ne zai sha tarar laifin da bai yi ba, don haka in ba ka gamsu ba ka gaya masa tun kuna kan iska.

Ka miƙa rajistarka ko da hulɗa talatin ce a ciki, domin da ita ake tabbatar wa waɗanda suka same ka makinsu. In ba ka son shiga jerin sakamako, ana iya aika ta a matsayin ta tantancewa kawai. Ka kuma ɗora ta a Logbook of The World, rumbun rajistoci na intanet na ƙungiyar ARRL, saboda da yawa daga masu kiranka shaidar sun yi magana da Najeriya ko Nijar suke nema don lambobin yabo. Bayan wasu watanni za a ba ka rahoton kurakuranka, hulɗa bayan hulɗa, har da jerin waɗanda suka kuskure taka alamar. Ka duba wane harafi ne aka fi kuskurewa. Idan mutum goma sun ji Yankee ɗinka a matsayin wani abu dabam, a nan za ka rage sauri ka buɗe baki sosai a gasar Maris.